Fuskoki Uku a Allon Yotamu

Ƙanena Yotamu mutum ne mai kallon fuska, tun yana ƙarami haka yake. Idan Mama ta dawo daga kasuwa, kafin ta sauke kwando ya riga ya san ko yau akwai nama ko kuwa busassun ƙananan kifin kapenta ne za mu sake ci, sai ya raɗa mini in shirya bakina. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi bai taɓa tambayar wani wuri ba. Na sha gaya masa da ɗan sanda ya zama da yanzu muna da gidan sama. Bai zama ba. A wani ofishin masu awon filaye ya ƙare, can bayan titin Cairo, yana zana iyakar fulotan da ba zai taɓa mallaka ba, da yamma ya hau bas ya dawo unguwarmu Chilenje.

Wasan nan nasu a sakandare ya tsinto shi, kuma bai ajiye ba har furfura ta fara leƙo shi. Mutane ne za su kewaye tebur, kowa ya ɗauki wani jarumi na ƙarya ya ce shi ne. Mutum ɗaya yake riƙe labarin. Shi ke faɗin abin da ke bayan kowace ƙofa, shi ne muryar dodo, shi ne muryar tsohuwar da ke bakin rijiya. Sauran su faɗi abin da jarumansu za su yi, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko an dace. Ba kofi, ba kuɗi, kuma labarin ba ya ƙarewa. Ni dai abin da nake ce musu shi ne, manya da gemu kuna tatsuniya da rana tsaka.

Yotamu ne mai riƙe labarin, 'yan wasansa uku. Akwai Mubita, mai kula da kwamfutoci a wani banki, mutum mai zaƙin baki wanda zai iya sayar maka da takalminka kana sanye da shi. Akwai Kasonde, malamin lissafi, da sai ya yi dogon nazari kafin jaruminsa ya taɓa marfin tukunya. Sai Sibeso mai kantin magani, ita jarumarta sai ta sare kan mutum sannan ta tambayi sunansa. Shekara da shekaru duk Asabar suna falonmu, a kan wani tebur na katakon mukwa da Yotamu ya sa kafinta ya yi masa, shi kuma ya bi shi da ƙarfe mai zafi ya ƙona layuka gida-gida da hannunsa.

Na sha tsayawa ina kallonsa yana aiki. Idan girar Kasonde ta ɗaga, ya san malam ya gano tarko, sai ya matsar da tarkon gaba. Idan Sibeso ta fara murza ɗan kunne, ta gaji kenan, nan take ɓarayi za su faɗo daga rufi. Ba ya karanta labarin daga takarda, daga fuskokinsu yake ɗebo shi.

Sai Mama ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Gadon asibitin da muka samo ya ƙi shiga ƙofar ɗakinta, dole aka kafa shi a falo, tebur kuwa ba wurinsa. Mubita ne ya ce a kai garejinsa a Avondale a ajiye har Allah ya ba Mama lafiya. Har godiya na yi masa, ni da bakina. Na tattaro na dawo gida daga Kabwe, dama auren nawa sunansa kawai ya rage, muka raba jinya ni da Yotamu. Na ce masa ranar Asabar ko Mama tari ta yi kada ya juyo, ya tafi duk inda za su haɗu, ni ce a gida.

To ina za a haɗu? Kasonde ya ce ya koma Matero, ga takardun yara jibge. Sibeso ta ce kantinta na Makeni ba ya rufuwa da wuri. Mubita ya ce an yi musu haihuwa, gidan ba ya shiguwa, ga tsadar mai, ga cunkoso. Shi ne ya kawo shawara a koma yi ta intanet, kowa daga gidansa. Shi ne ma ya zo ya haɗa wa Yotamu komai a ƙaramin ɗakin baya.

Kwamfutar Yotamu tsohuwa ce mai allo ɗaya. Taswira ta cinye rabi, asiran labarin da bai kamata 'yan wasa su gani ba sun cinye rabi, babu inda fuska za ta zauna. Su ma suka ce gara a kashe kyamara a tattala data. Haka mutumin nan mai kallon fuska ya yi damina uku yana magana da taswira, muryoyi na fito masa ta abin kunne.

Da ya rasa fuska, sai ya koyi karanta shiru. Yakan shigo kicin yana murmushi ya ce, "Yaya, yau na kama su. Da na ce kogin ya juya yana gudu baya, tsit suka yi, ko tari babu. Tsoro ne ya kama su."

"Ko barci," in ce.

"Ke dai ba ki san daɗin abin ba."

Amma wata rana muna juya Mama ya gaya mini gaskiya. Ya ce kamar mutum ne yana girki ba harshe, yana zuba gishiri da ka. Ya ce ba ya son komai sai allo na biyu, ɗaya ya ɗauki taswira da asirai, ɗayan kuwa fuskokinsu kawai, manya-manya, kamar suna gabansa. Ya ce yana tsoron ya manta yadda Kasonde yake dariya. Na ji tausayinsa ƙwarai, don na san ban da ni da Mama waɗannan ukun su ne mutanensa a duniya.

Wa za a tambaya maganar allo in ba Mubita ba? Nan aka shiga wasan ɓoyo. Yotamu ya ga wani a kasuwa ya tura masa hoto, Mubita ya ce wannan yana kashe ido. Ya tura wani, ya ce wayarsa ba za ta shiga bayan tsohuwar kwamfutarka ba. Wani ya yi girma, wani ya yi ƙanƙanta, wani mai lanƙwasa ne zai karkatar da taswira. Da ya rasa aibu sai ya ce, "Ɗan'uwa, ka ɗan jira, bankinmu zai zubar da tsofaffi, zan ɗauko maka mai kyau kyauta." Aka jira. Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya zo, banki bai zubar da ko tsinke ba. Ni a lokacin na ɗauka iyayi ne irin na masu ilimin na'ura, waɗanda ba sa son kowa ya sayi abu ba da hatiminsu ba.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na roƙi maƙwabciya ta zauna da Mama, na tasa ƙeyar Yotamu muka shiga gari. Muka faɗa wani shago a Kamwala, alluna jere har rufi, kowanne yana nuna furanni da tsuntsaye da dusar ƙanƙara. Mai shagon, wani mai tumbi da ake kira Shugaba, ya taso yana shafa hannu.

"Na wasa kuke so? Maigida, ka zo gida. Ga wannan, gudunsa ya fi ƙiftawar ido. Kafin abokin gaba ya ɗaga bindiga ka gama da shi."

"Nawa wasan ba ya gudu," in ji Yotamu. "Mutum uku ne za su zauna su yi ta gardama a kan ko a buɗe ƙofa."

Shugaba ya dube ni. Na ce, "Kada ka kalle ni, haka aka haife shi."

Yotamu ya zaro wayarsa ya ce a saka masa wani hoto a allon. Tsohon hoto ne na su uku a falonmu, an ɗauke shi da yamma, hasken ba yawa. Aka saka a na farko, sai ga haƙora da fararen ido kawai, sauran duk baƙi ƙirin. Na biyu ma haka. Ashe allunan nan sun iya fure, sun iya ƙanƙara, amma baƙar fuska a ɗaki mai duhu-duhu ta gagare su. Shugaba da kansa ya ce shekarunsa a sana'ar nan ba wanda ya taɓa gwada masa kaya da haka. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, Yotamu yana matsawa gefe, yana durƙusawa, yana cewa a rage haske.

"Me kake nema ne, maigida?"

"Girar wancan. Idan ban ga girarsa ba, ban ga komai ba."

A ƙarshe Shugaba ya shiga ciki ya fito da wani marar kwalliya, wanda ya ce masu gyaran hoto ne ke sayensa, 'yan wasa ba sa ko kallonsa. Aka saka hoton. Ga Kasonde da girarsa, ga tabon da ke haɓar Mubita, ga ɗan kunnen Sibeso. Yotamu ya tsaya kamar an dasa shi. Ni na yi cinikin, don da an bar shi ko nawa aka faɗa zai miƙa. Shugaba ya haɗa mana da wata 'yar mahaɗa da ta sa wayar ta shiga tsohuwar kwamfutar lafiya lau, abin da Mubita ya ce ba zai yiwu ba. A bas Yotamu ya rungume kwalin a cinya, ya biya wa kwalin kuɗin kujera.

Da ya sanar da su, ba wanda ya yi murna. Mubita ya ce data. Kasonde ya ce kyamararsa ta daɗe da mutuwa. Sibeso ta ce ba ta yi kitso ba. Na ji ƙanena a waya yana roƙo kamar mai neman aron gishiri. "Sau ɗaya dai, don Allah. In gan ku sau ɗaya, in ya so a kashe." Suka ce to.

Ranar ya yi aski, ya sa riga mai wuya. Na gama da Mama, na kawo masa shayi na tsaya a bakin ƙofa, don ni ma ina son in ga abin da muka sha wahala a kai. Rana ta faɗi, aka shiga, ya zare abin kunnen daga kwamfutar don ni ma in ji. Fuskoki uku suka cika sabon allon, kowa a gidansa na murabba'i, kowa da abin kunne. Duk sun sa bangon bogi irin wanda na'ura ke liƙa wa mutum a baya. Mubita yana bakin teku, Kasonde yana gaban kantar littattafai, Sibeso kuwa bayanta hazo ne kawai.

"Kasonde," in ji Yotamu, "ka yi furfura."

"Kai ma ai ba yaro ba ne, malam."

Aka yi dariya, aka fara. Ban taɓa jin ya riƙe labari kamar ranar ba. Jaruman sun iso wata gada ta igiya, da wani mai karɓar haraji makaho a bakinta. Girar Kasonde ta ɗaga, Yotamu ya juyo ya ƙifta mini ido. Daɗi ya cika shi har ya manta da shayin.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Ba a gidanmu ba, mu fitilarmu na nan tar. A allon ne fuskokin nan uku suka dushe, duka a lokaci guda, sai ɗan hasken laftof a goshinsu. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san yadda ake rabon duhu, unguwa-unguwa ne, kowacce da lokacinta. Matero da Makeni da Avondale ba su haɗa hanya ba. Da kuma na ƙasa ne baki ɗaya, da mu ma muna ciki. Intanet ɗinsu bai yanke ba, Mubita mutum ne mai inbata, na'urar nan mai ajiye wuta.

Da wani allon ne, da baƙi kawai za mu gani, a ce ikon Allah, a wuce. Amma wannan don duhu aka zaɓo shi. Bangon bogin ya fara yagewa, tekun Mubita ya ɓalle, sai ga labule a bayansa. Labulen nan dai, mai zanen ganye, ya leƙo ta gefen kantar littattafan Kasonde. Sai wata murya ta mace, matar Mubita, Maman Inonge, ta ce, "Ga fitila, ku matsar da farantin." Hannunta ya shigo ta murabba'in Sibeso riƙe da fitilar caji, ya fita, ya ɓullo a murabba'in Kasonde. Haske ɗaya ya bugi fuska uku, wannan ta dama, wannan ta hagu, wancan ta gaba. Kasonde ya ja laftof ɗinsa don a sami wurin fitila, kyamarar da aka ce ta mutu ta sunkuya ƙasa. Ga gasasshen naman akuya, ga kwalabe, ga 'ya'yan lido. Ƙarƙashinsu katakon mukwa ne, da layuka gida-gida.

Ina jin numfashin Mama daga falo.

"Tun yaushe?" in ji Yotamu.

"Ɗan'uwa, ba yadda kake zato ba ne," in ji Mubita. "Yau ne kawai, dama sun biyo ta nan ne..."

"Mubita, ya isa," in ji Sibeso. Ta kasa kallon kyamara. "Tun farko-farko ne, Yotamu. Wata na biyu ko na uku."

Kasonde ya ce, "Mun ga kana fama da Mama, ba mu so mu ɗora maka zirga-zirga."

Nan na tura kaina gaban kyamarar. "Malam, ka ji tsoron Allah. Wa ke zama da Mama ranar Asabar? Ba a gabanka na faɗa ba? Bas nawa ne daga nan zuwa Avondale?"

"Yaya Tisa, ki yi haƙuri..."

"Kada ka yaya ni. Tuwon nshima da kuka ci a gidan nan da za a tara shi da ya toshe titi."

Yotamu ya dafa hannuna, na ja baya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Me ya sa? Ku faɗa mini kawai."

Sibeso ce ta faɗa, don ita ko ba komai ba ta iya kwana-kwana ba. "Ba wanda ya kai ka iya labari, kowa ya sani. Amma zama gabanka aiki ne. Ko waya mutum ya taɓa ka gani, ko hamma ya yi ka gani. Ranar farko haɗuwa muka yi ba shiri, muka ji daɗi, muna ci muna sha muna jinka. Daga nan kuma kunyar faɗa maka ta hana."

Wato sun mai da ƙanena rediyo. Shi yana ɗakin baya shi kaɗai, yana kwana uku yana zana musu taswira bayan ya gama wanke uwarsa, su suna can a kan teburinsa suna miƙa wa juna nama. Kuma wanda ya riƙe masa tebur amana shi ne ya yi ta hana shi sayen allo. Ban taɓa jin cin amana ya yi mini ɗaci a baki kamar na ranar ba, alhali ba ni aka ci ba.

Na ce masa, da ƙarfi yadda za su ji, "Ka kashe su. Ba kai ne mai labarin ba? Ka tsinke gadar, kadoji su cinye su duka."

Ya bi fuskokin da kallo, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, kamar mai son ya haddace. Sannan ya gyara zama, ya yi amfani da muryar da yake riƙe labari da ita.

"Makahon ya ɗaga muku sanda, bai karɓi komai ba. Kun haye gada lafiya. Hanya ta miƙe, kowa ya isa garinsu, ya tarar da mutanensa ƙalau. Kun tsufa, kun mutu a kan gadonku. Labarin ya ƙare."

"Haba, Yotamu," in ji Kasonde. "Shekara nawa muna..."

Ya kashe kwamfutar.

Sun yi ta kira, bai ɗauka ba. Sibeso ta zo har ƙofa da lemo da ayaba wai na Mama, na karɓa a bakin ƙofa, ban ce ta shigo ba. Mubita bai zo ba. Teburin ya aiko a akori-kura, direba ya sauke ya tafi, da zoben gindin kwalba duk a jikin katakon. Muka jingine shi a bayan gida muka rufa masa leda.

Abin da ya fi cin Yotamu sai daga baya ya faɗo masa. Muna shanya zanen gadon Mama ya tsaya da abin maƙale shanya a hannu ya ce, "Yaya, kin san idan mutane suna ɗaki ɗaya, dole kowa ya rufe muryarsa, in ba haka ba na'ura ta yi ta amsa-kuwwa?"

Na ce ban sani ba.

"Shirun nan da nake zuwa ina ba ki labari. Rufewa suke yi."

Na karɓi zanen na shanya.

Allon yana nan a ɗakin baya. Shugaba ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa, kuma Yotamu bai matsa ba. Yakan yi aikin ofis a kai wani lokaci, ya ce layuka suna fita sosai.

Asabar ɗin da ta biyo baya, da la'asar, ina zaune kusa da gadon Mama ina tsince wake. Ya fito daga ɗaki ya tsaya a tsakiyar falo, ya leƙa waje, ya dawo, ya buɗe firji ya rufe. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, hannuwansa na reto kamar ba nasa ba.

"Yaya," ya ce, "wai mutane me suke yi ranar Asabar?"

Na matsa masa a kan benci, na tura masa rabin waken.